Deutschlandticket: tikitin da ya fitar da ni daga ɗaki ranar Asabar

Ni dai aiki ne ya kawo ni Hannover a Jamus, kuma duk wanda ya taɓa aiki a ƙasar waje ya san yadda ranar hutu take, ka tashi ka yi wanki ka ɗan yi waya da mutane, kafin rana ta yi tsaka ka rasa abin yi sai kallon silin. Tikitin nan ma na Deutschlandticket, tikitin bas da jirgin ƙasa na wata-wata, ba don yawo na yanke shi ba, don zuwa aiki ne kawai, sai wata abokiyar aikina ta yi min dariya ta ce wai kai kuɗin zagaye Jamus gaba ɗaya kake biya amma tasha biyar kake hawa kullum. Wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Ga yadda abin yake. An fara shi 1 ga Mayu 2023 a kan yuro 49 a wata, a 2025 ya koma 58, daga Janairun 2026 kuma 63. Da shi za ka hau bas, jirgin kan titi (tram), jirgin ƙarƙashin ƙasa, S-Bahn na birni da kewaye, da jiragen yanki na RB da RE a ko'ina cikin ƙasar, iya son ranka. Amma banda masu gudun nan, ICE da IC da EC, in ka ga farin jirgi mai jan layi a jiki to ja da baya, ni saura ƙiris na faɗa ɗaya saboda na ga sunan garin da za ni a allo. Sunanka ne a jiki, ba a aron shi, don haka riƙe katin shaida. In kamfanin da kake wa aiki ya biya maka aƙalla kashi 25 cikin ɗari ana ƙara rage kashi 5, ka tambaya a ofis kar ka ji kunya.

Abin da ya fi burge ni ba arhar ba ce ma, lissafin da ya ɗauke min ne. Da in zan je wani gari sai na zauna ina auna kuɗin zuwa da dawowa, in ce anya garin ya kai, ƙarshe in fasa. Yanzu kuwa an riga an biya, in na sauka garin bai yi min ba sai in koma tasha in hau na gaba, ba asarar komai sai lokaci.

Goslar na fara zuwa, kamar awa ɗaya daga Hannover, a gindin duwatsun Harz. Akwai tsohuwar mahaƙar Rammelsberg da aka shafe sama da shekara dubu ana haƙar ma'adinai a ciki har sai 1988 aka rufe, a 1992 UNESCO ta sa ta da tsohon garin a jerin kayan tarihin duniya. Sun ba mu hular kwano muka shiga cikin ramin, sanyi da danshi, ni da na je da 'yar riga mara nauyi na gane kurena. Kuɗin shiga daban ne fa, tikitin ya kai ka bakin ƙofa ne kawai.

Lüneburg kuma gishiri ne ya yi su, har 1980 ana dafa shi a can, kuma saboda ɗiban da aka yi ta yi daga ƙarƙashi ƙasar wata unguwa ta lotsa, sai ka ga gida ya karkace kamar ya gaji da tsayuwa, mutane kuma na ciki abinsu.

Amma wanda ya fi zama min a zuciya Wolfenbüttel ne. Ƙaramin gari ne shiru, mintoci kaɗan daga Braunschweig, masu yawon buɗe ido ba su cika damuwa da shi ba. Don tsohon ɗakin karatunsu na je, wanda masanin falsafa Leibniz da marubuci Lessing duk sun taɓa riƙewa, sai ga labarin Anton Wilhelm Amo, yaron da aka ɗauko daga yankin Axim na Gana ta yau aka kawo fadar sarkin garin wajen 1707, ya girma ya yi karatu a Halle, ya samu digirin dakta a falsafa a Wittenberg a 1734, daga baya ya koma Afirka. Na daɗe zaune a gaban fadar ina tunanin yadda yaro ɗan ƙanƙani ya ji da sanyin farko a wajen nan, ba waya ba kowa nasa, ni ga ni da intanet a aljihu ina kukan kaɗaici. Kai, ranar ban yi hoto da yawa ba.

Quedlinburg ta fi nisa, sai an canja jirgi, gidajen katako na da sun haura dubu a can, kuma nan aka binne sarkin Jamus Heinrich na ɗaya a 936. Ta cancanci wahalar amma ka fita da sassafe.

To sai inda yake cizo. Jiragen da tikitin ya yarda da su masu tsaye-tsaye ne, tafiyar da mai gudu zai yi a awa ɗaya kai sai ka ninka, kuma in ɗaya ya makara ka rasa na canji to ka samu benci, ni na taɓa cin kusan awa a wata 'yar tasha da ko mai shayi babu, yamma ta yi ga iska. Asabar in rana ta fito cunkoso ne, kekuna da kekunan jarirai, wani lokacin a tsaye za ka je. Ranar Lahadi kuma shaguna a rufe suke, ka tafi da ruwanka da abin taɓawa, Litinin kuma gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa. Sannan abu ne mai sabunta kansa duk wata, in za ka daina sai ka soke kafin 10 ga wata, ni na tafi hutu na manta, na biya wata guda ina wata ƙasar, wannan laifina ne ba na kowa ba.

In kwana uku ka zo yi ko kana sauri, ba naka ba ne. In kuwa zaune kake kana aiki kuma dama kana hawan bas kullum, to maki huɗu da rabi cikin biyar na ba shi. Asabar mai zuwa Hann. Münden nake so, inda kogin Werra da Fulda suke haɗuwa su zama Weser, in dai ba a yi ruwa ba.