Shekarar Jira: Aikin Sa Kai a Waje ko Bin Hanya Zuwa Gana?

Ɗan yayata ya gama WAEC, ya zana JAMB, makinsa bai kai ga kwas ɗin da yake so ba. Tunda sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne kacal, dole ya sake zama, ga watanni sun miƙe a gabansa ba abin yi sai zaman shago a Agege. Ran nan ya same ni da waya a hannu: "Kawu, duba wannan, wai aikin sa kai ne a ƙasar waje, wata uku." Na ce ya ba ni mako guda in bincika. Abin da na tattara ke nan, ko zai amfani wani mai irin wannan yaro a gida.

Turawa sun daɗe da wannan al'ada ta tsallake shekara tsakanin sakandare da jami'a, yaro ya ɗauki jaka ya ga duniya. Mu namu jiran ba zaɓi ba ne, tilas ce: ko rashin gurbi, ko jiran takardar NYSC, ko yajin aiki irin na ASUU da ya ci wata takwas a 2022. Shi ya sa kayan da aka ɗinka domin ɗan Ingila mai fam da fasfon da ke buɗe ƙofofi ba lallai su shiga jikin ɗan Idi-Araba mai naira ba.

Abin da yaron ya nuna min shi ne nau'in farko: kamfanin da za ka biya kafin ya kai ka aikin sa kai. Kai za ka sayi tikitin jirgi, kai za ka nemi biza, sannan ka biya kuɗin shiri da dala. A nan tambaya ɗaya ce ke raba gari da tsakuwa: daga cikin kuɗin, nawa ke isa makarantar ko asibitin da aka ce za ka taimaka? Kamfanin kirki zai rubuto maka lissafi. Wanda ya fara kwana-kwana, rabu da shi. Kuma in aikin na gidan marayu ne na mako biyu, ni ban ba da shawara ba ko da kuɗin na zube. Masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna nuna cewa baƙin da ke zuwa su shaƙu da yara su tafi cutarwa suke yi, kuma a wasu ƙasashe an mai da gidajen kasuwa. Balle irin sanarwar WhatsApp mai cewa "aikin sa kai, biza kyauta, masauki kyauta, ka turo fasfo". Da irin wannan zaƙin bakin ake safarar mutane, aikin da ya sa aka kafa hukumar NAPTIP a 2003 ke nan.

Akwai kuma na gaskiya waɗanda su ke biyan ka alawus, amma ba na ɗan sakandare ba ne. Shirin Technical Aid Corps na gwamnatin tarayya, tun 1987, yana tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya ƙasashen Afirka da Karebiyan na shekara biyu, sai dai ƙwararru yake ɗauka. Masu sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya ma takarda da gogewa suke nema, masu nema kuma tururuwa. Wanda ya ɗan fi kusa da matashi shi ne AIESEC, wata ƙungiyar matasa ta duniya mai ɗaukar 'yan shekara 18 zuwa 30 na mako shida zuwa takwas, amma da kuɗin rajista, hanya kuma daga aljihunka. Shafukan intanet irin su Workaway kuwa musaya ce: ka yi aiki kamar awa biyar a rana, a ba ka wurin kwana da abinci. Abin lura, ƙasashe da yawa suna kallon wannan a matsayin aiki, bizar yawon buɗe ido ba ta halatta shi.

Manyan motocin zagayen Afirka da Turawa ke hawa watanni suna kwana a tanti, wannan ba sai na ɓata tawada ba. Kuɗin da fam ne, bizojin da ɗan Najeriya zai tara sun fi na abokan tafiyarsa wuya, kuma tsohuwar hanyar Alƙahira zuwa Afirka ta Kudu yaƙin Sudan ya datse ta tun Afrilun 2023.

Inda hankalina ya kwanta shi ne hanyar da ke bayan gidanmu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa damar shiga ƙasar ƙungiyar ya zauna kwana 90 ba biza. Daga Ikko ka bi Mile 2, Badagiri, ka tsallaka Seme, sai Kwatano, sai iyakar Hilakonji, Lome, Aflao, ka shiga Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Kilomita wajen 460 ne, iyaka uku, amma ka ware masa yini cur saboda shingaye da layin buga hatimi. Abin riƙewa: fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. Kada a sayi katin a bakin tasha, a je a yi allurar a ofishin lafiya na gwamnati. Ciwon ba ya karanta hatimi.

Ko a wannan hanyar zaɓi biyu ne. Babbar bas ta kamfani, irin masu tashi daga Jibowu, ta fi tsada, amma ma'aikatanta ke tattara fasfo su bi layi, ga kaya a wuri ɗaya. Hawa-da-sauka a ƙananan motoci ya fi araha a baki, sai dai a kowace boda kai kaɗai ne da masu "kawo na shayi", ga canjin naira zuwa sefa, sefa zuwa sidi, kowane canji ana yankar ka kaɗan. Mai tafiyar farko ya hau ta kamfani. A dawowa, in idonsa ya buɗe, ya gwada ɗayar, ya kwana a Lome.

Abin da ɗan Hausa ke da shi wanda kamfani ba ya sayarwa shi ne zango. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja da Salaga tun kafin zuwan Bature, jikokinsu na nan a Nima da Sabon Zango na Akra, da Zangon Kumasi, da na Kwatano. Ka sauka ka yi sallama da Hausa, a amsa maka da Hausa. Masallaci da abincin halal ba abin nema ba ne. Makarantun Islamiyya da na boko a waɗannan unguwanni ba sa rasa buƙatar mai koya wa yara lissafi ko kwamfuta, amma fa a shirya tun daga gida: a samu mai masauki sananne ta hannun dangi ko 'yan kasuwar da ke zirga-zirga, a yi magana da shugaban makarantar, a san aikin da ranar dawowa. Ga 'ya mace wannan sharaɗin ya ninka, sai gidan 'yan'uwa na jini. Batun Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa, sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga matsalar tsaro a hanyoyinsu, don haka ban sa su a lissafin yaron ba.

Da na zayyana masa duka, sai ya ɗan yi shiru, ya ce, "To Kawu, Gana ai ba waje ba ce." Na ce ya bari sai ya tsaya gaban mai hatimi a Hilakonji ana yi masa Faransanci. Mun tsayar da mako shida a Kumasi wajen wani ɗan'uwan babansa, ya dawo kafin a buɗe rajistar JAMB. Jibi za mu je allurar shawara.