Farantin tangaran mai zanen Hukuncin Paris: abin da mai saye zai duba

Cikin tangaran ɗin da Sin ta riƙa yi wa Turawa a zamanin Sarki Qianlong, daga 1736 zuwa 1795, wannan faranti na daga waɗanda aka fi gani a hannun dillalan kayan tarihi. Faɗinsa yakan kai santimita 23. A tsakiya ga Paris, ɗan sarkin Troy na tatsuniyar Girkawa, yana miƙa wa allahiya Venus tuffa ta zinare, alamar ita ya zaɓa a matsayin mafi kyau, sauran alloli mata biyu, Juno da Minerva, na gefe. Galibi surorin ba su da cikakkiyar sutura, gara mai saye ya san da haka tun farko.

A birnin Jingdezhen na Sin ake gasa jikin, a zafin da ya kai wajen digiri 1,300, shi ya sa yake da ƙarfi da haske. Zanen kuwa a kan sheƙin ake ɗora shi, sau da yawa a birnin Canton mai tashar jiragen ruwa, a sake gasawa da wuta mai sauƙi. Raunin farantin daga nan yake: fentin bai shiga jiki ba. Ruwan zinaren baki shi ke fara gogewa, sai fenti mai launin jan fure ya biyo baya. Kada a sa shi a injin wanke-wanke, kada soson ƙarfe ya taɓa shi. Ruwa mai ɗumi da tattausan ƙyalle sun isa.

Abin da ya fi burge ni shi ne hannun masu zanen. Hotunan da aka buga a Turai aka ba su su kwafa, alhali ba su san labarin ba. Sai ka ga kafaɗa ta karkace, yatsu sun yi tsawo, idon Venus ya koma irin na mutanen Sin. Wannan ba aibi ba ne, shi ne ma daɗin abin. A nau'in baƙin zane har siraran layukan inuwa na hoton asali suka bi ɗaya bayan ɗaya da bakin buroshi, kuma a ganina ya fi mai launi kyau nesa ba kusa ba.

Kafin ka biya, ɗora shi a kan yatsu ka ƙwanƙwasa. Lafiyayye amo yake yi, mai ɓoyayyar tsaga kuwa ƙararsa a dushe take. Haska shi da fitilar UV (irin ta gano jabun kuɗi) cikin duhu, wurin da aka liƙe aka shafe da sabon fenti yakan fito daban. Juya gindin: zoben da yake zama a kai ba shi da sheƙi, wani lokaci har da ɗan yashin tanderu. Yawancin na asali ba su da hatimin sarki, don haka hatimi ba hujja ba ce. Kamfanin Samson na Faransa, wanda aka kafa a 1845, ya kwaikwayi tangaran ɗin Sin da yawa, kuma nasa yakan fi santsi da tsafta.

'Yar ɓantarewa a baki ba ta hana saye. Tsagar da ta ratsa zanen kuwa tana karya daraja ƙwarai.