Masar oda daga Agege: ƙullu ya yi, mazubi ne matsala

Matan da ke sayar da masa da miyar taushe ta WhatsApp da Instagram sun yawaita a unguwar Agege da ke Legas, kuma a ɓangaren girki yawancinsu ba su da makusa. Da shinkafar tuwo suke yi, a jiƙa ta awa 6 zuwa 8, a dafa kamar kashi ɗaya cikin huɗu a haɗa kafin a kai niƙa. Wannan dafaffiyar ce ke sa cikin masa ya yi laushi da ƙananan ramuka. Zafin Legas na sa ƙullu saurin tashi, to mai hankali ba ta barinsa ya kwana a waje. Idan ya zarce ya yi tsami, ɗan ruwan kanwa ake zubawa, ba ƙarin sukari ba. Wadda ta cika sukari za ka gane ta: bayan masar ya ƙone a tanda, cikin bai nuna ba.

Hoto kuwa shi ke fara jan mai saye. Wanda ya fi sa yawu tsinkewa shi ne na masar da aka tsaga biyu a hasken rana, ana ganin cikinta, miya a gefe da kabewa da alayyafo a bayyane. Hoton da aka ƙara wa launi har man ja ya koma kamar fenti, korar mutum yake. Haka ma ɓoye farashi, wai sai ka turo saƙo, ko a rubuta "kwano ɗaya" ba a faɗi masa nawa ba, nama yanka nawa.

Inda aikin ke lalacewa shi ne wajen zubawa. Ana kwashe masa da zafinta a danna cikin roba a rufe ruf. Tururi ya taru a murfi ya ɗigo, kafin mai babur ya kai Ikeja gefen nan mai ƙamas-ƙamas ya jiƙe, ta ƙasa ta manne da ta sama. Gyaran ba tsada: a bar ta ta sha iska minti 5, a shimfiɗa takarda mai shan mai, a huda murfin wuri uku ko huɗu, kada a jera fiye da hawa biyu. Miya a robarta daban, a ɗaure a leda, don ramukan titi ba su san murfi ba. Kuma miyar da ke da gyaɗa ba ta son zama da ɗumi-ɗumi na dogon lokaci; nan da nan take juyawa.

In da abin sha a cikin odar, kunun aya ya fi komai rauni. In ba daskararre ya baro gida ba, cunkoson gadar Third Mainland kaɗai ya isa ya sa gorar ta kumbura. Zoɓo ya fi shi juriya nesa ba kusa ba.

Ga mazauna Agege, Ogba da Ikeja, odar ta cancanci kuɗinta, musamman ta safe da ake soyawa a ɗauka. Wanda ke nesa, kamar Lekki ko Ajah da sai an haye gadar, gara ya nemi a aiko masa da ƙullun a gora mai sanyi ya soya a gida, ko ya tsaya a dambun nama, shi ma ya tambayi ranar da aka yi shi, don laimar Legas ba ta barinsa ya daɗe kamar a Kano.