Irin gadagin da na saya a Garwa ya biya kuɗinsa

Masu filin gamba ko ciyawar kiwon nan birakariya, ku zo ku ji. Akwai wani ɗan shagon iri da maganin dabbobi kusa da babbar kasuwar Garwa a ƙasar Kamaru, can na sayi irin gadagi don in shuka cikin gambata, kuma wallahi na yaba.

Dattijon mai shagon ne ma ya fi burge ni, don bai yi saurin karɓar kuɗi ba sai da ya tambaye ni tsawon ciyawar, ya ce yaro in ba za ka sassabe ta ba gara ka riƙe kuɗinka. Na ce to Baba. Gaskiya ya faɗa, gamba tana wuce mita 2 in damina ta zauna, ƙaramin tsiro ba ya rayuwa a inuwarta. Sai ka yanke ta ƙasa ƙasa ko ka bar shanu su cinye, ka ɗan karce ƙasa tsakanin kututtukan da fartanya bayan ruwa ya kama a watan Yuni, ka yafa irin sama sama, kar ka binne shi da zurfi don ƙanana ne sosai, kuma ɓawonsa na da tauri sai ka ɗan murza shi da yashi kafin nan. Takin yuriya kuwa ya ce kar in kusance ta, gambar za ta ƙara wa ƙarfi ta danne gadagin, takin fosfat ya fi.

Gadagin ya fito da kyau, alhamdu lillahi. Na tumɓuke ɗaya na ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, na fasa da farce cikinsu jaja-jaja, su ne ke jawo naitirojin daga iska su bar wa ƙasa. Gambar da ke kusa da shi har ta fi sauran kore.

Mai shagon yana da irin sitilo ma, wani tsiron kiwo mai aiki irin na gadagi, wanda asalinsa Kudancin Amurka ne, amma ni gadagi na zaɓa, ɗan gida ne, dawakai da tumaki sun san shi, kuma in ka kare shi daga dabbobi har ya zubar da iri baɗi da kansa zai fito.

Inda ban ji daɗi ba, irin ba a tace shi ba, ƙaiƙayi da yashi sun yi yawa a mudun, kuma ba takardar da ta nuna shekarar da aka tara shi. Ku sheƙe shi a faifai, ku gwada kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma ku ga ko zai tsira kafin ku sayi mai yawa.