Ajin Turanci na yamma a Mabera da darasin kalmar "welcome"

Wata uku ke nan ina halartar wani ajin Turanci na manya da ake yi bayan sallar La'asar a unguwar Mabera da ke Sakkwato, domin aikina a masaukin baƙi yana haɗa ni da mutanen da ba sa jin Hausa, galibinsu masu zuwa taro a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Da darasi guda zan auna ajin, wato ranar da malamin ya ɗauko kalmar "welcome".

Ya fara da tambayarmu abin da ake yi wa baƙo idan ya yi sallama, muka ce a yi masa maraba, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, sannan a gaisa. Sai ya ce fi'ilin ya ƙunshi tarbar gaba ɗayanta, har ma akan yi amfani da shi ga shawara ko labari, kamar yadda mu ma muke cewa mun yi maraba da shawarar wane. Ya rubuta asalin kalmar a allo, "wilcuma" a tsohon Turanci, ma'ana baƙon da ake murnar zuwansa, kuma ya ja kunnenmu cewa idan aikin ya shuɗe "welcomed" ake cewa, duk da cewa "come" tana komawa "came". Harafin l ɗinta ɗaya ne, ko da yake allunan shaguna da yawa sun ba ta biyu.

Inda ya fi taɓa ni shi ne "you are welcome", wadda na daɗe ina faɗa wa duk baƙon da ya shigo da jakarsa. Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Malam, ai kowa haka yake faɗa." Malamin ya amsa, "Gaskiya ne, Alhaji, a Najeriya za a fahimce ka, amma a Ingila da Amurka amsar godiya ce, kamar mu ce ba komai." Ga wanda ya iso, "welcome to Sokoto" ta wadatar.

Kuɗin wata bai fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci ba, sai dai ɗakin ya yi mana kaɗan, kuma idan aka ɗauke wuta a watan Afrilu, zafin Sakkwato yakan raba hankalin mutum da allo. Yawanmu kuma yana sa ba kowa ke samun damar buɗe baki ya gwada furuci ba. Wanda zai shiga ya riƙa zuwa da wuri ya kama bencin gaba, ya kuma riƙo maficinsa.