Shagon tura fina-finai na bakin kasuwarmu: hoton ya yi kyau har ya tona asirin Kwamando

Sati biyu kenan da na kai filash ɗina wajen yaron nan mai tura fina-finai a bakin kasuwar unguwarmu, nace masa tsofaffin turawa nake so irin waɗanda muka kalla a kaset muna yara. Gaskiya yaron ya san aikinsa, ko minti ashirin ban yi a tsaye ba, kuma hoton tar kamar jiya aka ɗauka.

To amma fa kyan hoton ne ya jawo min magana. Commando na 1985 da na kalla ya fi a ƙirga a gidan kallo, sai yanzu na lura, bayan jarumin fim ɗin, Arnold, ya saki Sully, ɗaya daga cikin mugayen, daga saman dutse ya zo ya tura wannan Porsche ɗin mai ruwan ɗorawa ta miƙe kan tayoyinta, gefenta duk ya lotse ya goge, yana jan motar kawai sai ga gefen sumul kamar yanzu ta fito daga wajen fenti. Wlh sau uku na maida baya, uwargida har tana cewa Malam wai lafiya kuwa. Haba, shekara nawa ana mana wannan!

Gladiator na 2000 ma haka, wajen faɗan filin wasa da keken doki ya kife, ga tukunyar gas nan a bayansa ƙarara, a zamanin Rumawa fa. Wanda ya fi ban dariya shi ne North by Northwest na darakta Hitchcock, 1959, a gidan cin abinci akwai wani yaro a baya da ya toshe kunnuwansa tun kafin jarumar fim ɗin ta harba bindiga, bawan Allah an maimaita ɗaukar har ya haddace lokacin ƙarar.

Inda shagon ya gaza: fim ɗaya murya na riga baki, wani kuma rubutun Larabci ne manne a ƙasa ba ya cirewa, sunayen fayil ɗin ma a hargitse sai ka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Da na koma ya canza min mai matsalar muryar ba musu, bai karɓi ko sisi ba.

Tauraro 4 cikin 5 na ba shi. Ranar Asabar zan koma ya tura min Rambo, shi ma in sa masa ido.