Yini guda da iyali a Santambul: abin da ya fi na gida da abin da bai kai ba

Assalamu alaikum 'yan gida. Masu shirin kawo iyali Turkiyya sun yawaita tambayar yadda za a haɗa ziyara da kasuwa da cin abinci a yini ɗaya ba tare da yara sun galabaita ba. Yana yiwuwa, in an zaɓi ranar da kyau. Fadar Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Daular Usmaniyya, ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwar Kapalicarshi kuma tana rufe ranar Lahadi. Ranar Juma'a manyan masallatai ba sa karɓar 'yan kallo sai an sauko daga salla. Litinin, Laraba ko Alhamis sun fi.

Ku zo da dala ko yuro, don ba a canjin naira a nan. A filin jirgi a canza kuɗin mota kawai, farashin can ba daɗi. 'Yan canji na kusa da kasuwa sun fi sayen dala da daraja. Sai a sayi Istanbulkart, katin biyan kuɗin mota, a na'ura a zuba masa kuɗi. Kati ɗaya ya ishi mutum biyu ko uku, a dinga miƙa wa na baya, kuma shi ne na bas, na jirgin ƙasa da na jirgin ruwa. Nan kam sun yi mana nisa: ba ciniki da ɗan adaidaita, ba rigimar canji. Tasi mutum huɗu yake ɗauka, babban iyali sai biyu, ga cunkoso. Jirgin T1 mai bin titi ya wadatar, yana tsayawa a Sultanahmet, Beyazit, Laleli da Eminonu.

A fara da Topkapi da zarar an buɗe, kafin layi ya yi tsawo. Fadar na da girma, kada a ce sai an zaga ko'ina. A nufi ɗakin amanoni, inda aka ajiye alkyabba da takubban da ake jingina wa Manzon Allah (SAW), waɗanda Sarki Salim na Ɗaya ya fara kawowa bayan ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a wurin dare da rana. Daga nan Masallacin Ayasofya da Masallacin Sultan Ahmet mai hasumiya shida tafiyar ƙafa ce. Sultan Ahmet kyauta ne. A Ayasofya, tun 2024 baƙo ɗan kallo biya yake yi ya hau bene, ƙofar masallata daban. A daidaita zuwan da azahar. Hajiya ta riƙe leda don takalma, kuma ku sani duwatsun da aka shimfiɗa a titunan nan suna wahalar da keken jariri.

Abincin rana kada a ci a bakin dandali, inda ake tare mutum da takardar abinci mai hotuna. A shiga lungu a nemi lokanta, gidan abincin 'yan kasuwa da ma'aikata. Tukwane na jere a bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka. Wake da shinkafarsu, kuru fasulye da pilav, ɗan'uwan garau-garau ne, sai dai waken fari ne manya cikin miyar tumatir. Burodi na kan tebur. Ayran nono ne da aka tsinka aka sa gishiri, ba sukari. Yaran da suka saba da fura sukan ture shi a kurɓin farko. Barkononsu ja ne amma ba zafi, don haka a taho da yaji daga gida. A sayi ruwan roba a kantunan BIM ko A101, ya fi arha nesa ba kusa ba. Duk ƙaramin faranti da aka ajiye muku ba ku nema ba, ku tambayi kuɗinsa kafin a taɓa.

Kapalicarshi wurin kallo ne da zinare da darduma. Shagunanta sun kai dubbai, amma farashin na baƙi ne. Sayayyar iyali tana Mahmutpasha, titin da ya gangaro daga kasuwar zuwa teku, kuma a bi shi ta gangare, ba ta hawa ba. Tawul, zanin gado, labule, kayan jarirai, mayafi da dogayen riguna sun fi na gida inganci a kuɗinsu. Ana tayi, amma ba irin na Kwari ba. Wanda ya taya rabin kuɗi a nan sai mai shago ya juya masa baya. A gwada kaya a jikin yaro, don ɗinkinsu matsattse ne, rigar da aka rubuta wa shekara 6 takan yi wa ɗan shekara 5 daidai. Unguwar Laleli kuwa ta 'yan sari ce: shaguna da yawa jeri suke sayarwa, launi ɗaya daga ƙaramar lamba zuwa babba, ba sa cire ɗaya. Shadda, atamfa da leshi kada ma a ɓata lokaci, Kantin Kwari ya fi su.

A ƙasan gangaren akwai Kasuwar Masar ta kayan ƙamshi, wadda aka gina a shekarun 1660. Citta, kanumfari da masoro sun fi arha a Kurmi. Zoɓon da muke auna wa a kwano, a nan da giram ake sayar da shi kamar magani. Abin saye shi ne alewar lokum, busasshen ɓaure da habbatus sauda. A faɗi nauyin da ake so tun farko a kuma kalli sikeli, in ba haka ba a cika kwali ya kai kilo. Abin da suke kira za'afaran Turkiyya mai arha furen wata shuka ce daban, launi kawai yake bayarwa.

Kafin magariba a shiga jirgin ruwan da ke zuwa Uskudar, unguwar da ke tsallaken teku, da katin Istanbulkart ɗin nan, ba sai an biya masu tallan yawon teku ba. Bai fi minti 20 ba an tsallaka daga Turai zuwa Asiya. A saya wa yara simit, zagayayyen burodi mai riɗi, su dinga jefa wa tsuntsayen da ke bin jirgin, manya su sha shayi a ƙaramin kofin gilashi. Masallacin Mihrimah Sultan na fuskantar tashar da ake sauka, a nan za a yi magariba. A riƙe rigunan sanyi ko da bazara ce, iskar teku na kaɗawa da yamma.